Wanda Ya Amsa Sunan Baffa

Idan ka shiga shagon atamfar Yaya a babbar kasuwar Garwa, kafin ka ga atamfa za ka ga hoto. Yana rataye sama da teburinsa cikin firam mai ruwan zinariya. Wani tsoho ne mai tumbi, sanye da jaket ɗin soja a kan jamfa, ga lambobi a ƙirji, ya ɗaga hannu kusa da kunne kamar mai korar ƙuda. Wannan Baffa ne, wan mahaifina, uban mai shagon. Duk baƙon da ya tsaya kallo, sai Yaya ya gyara zama ya ce, "Mahaifina ke nan, ya yi yaƙin duniya." Ni kuwa na san Baffa bai taɓa yin wani yaƙi ba sai na ciniki. Iyakarsa ta arewa Marwa ce, sai Makka da ya je a jirgin sama, ya dawo yana ƙorafin abinci.

Gidanmu gidan fatake ne. Kakanninmu daga Kano suka zo da jakuna da goro da baƙin yadi, kuma har yau ba mu bar kowa ya manta ba. Fulanin gari suna yi mana kallon baƙi, mu kuma muna yi wa kowa kallon talaka. Ta bakin mata na ji yadda abin ya faru, don mazan gidan ba sa tada zancen. Lokacin yaƙin duniya na biyu Nasara suka ce kowace unguwa ta ba da samari. Sunan Baffa aka rubuta, shi ne babban ɗan gida. A gidan kuwa akwai wani saurayi sa'ansa, mai kula da jakuna, wanda uwarsa 'yar Tibati ta yi aikatau a nan har ta rasu. Kakanmu ya kira shi, ya sa masa sabuwar rigar Baffa, ya ce idan an kira sunan nan ya amsa. Ba gidanmu kaɗai ya yi haka ba, gidajen masu hali da yawa sun yi. Nasara ba ya bambance fuskokinmu, mai unguwa kuma an ba shi goro.

Mai jakuna ya tafi, ya yi shekaru yana amsa sunan wani. Ya ratsa hamada, ya shiga jirgin ruwa, ya kai ƙasar da ruwa ke daskarewa a buta. Ya dawo da muƙamin kafaran, wato kofur a bakin mutanen Najeriya, ya kuma baro yatsun ƙafarsa ta hagu a can, sanyi ya cinye su. Tun daga nan sunansa ya zama Kafaran, mu yara muka tashi muna ce masa Baba Kafaran. Aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure da gadin sito. Wannan ita ce godiyar gidanmu, kuma har yanzu akwai masu ganin an yi masa gata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baffa ya raina shi saboda tafiyar da ya yi a madadinsa. Sojan Nasara yake ce masa. Bai taɓa sa hannu a akushi ɗaya da shi ba, wai wa ya san irin naman gwangwanin da ya ci a can. Idan Baba Kafaran ya riga kowa zuwa masallaci ya tsaya a sahun gaba, Baffa zai yi ta gyaran murya har sai ya ja da baya. Mutumin da yatsunsa goma ke nan lafiya cikin takalmin fata saboda wani ya bayar da nasa, shi ne mai ƙyamar. Ban taɓa ganin rashin kunya mai rawani irin wannan ba.

Ni malamin Faransanci ne, kuma tun ina ɗalibi nake zama wurin Baba Kafaran da la'asar. Faransancinsa duk umarni ne da zagi, ba ya da kalma ɗaya ta gaisuwa, amma yana son ya gwada shi a kaina. Labarin yaƙi kuwa ba ya bayarwa. Idan na matsa, sai ya ce akwai sanyi, akwai ƙwarƙwata, shi ke nan.

Wajen shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari, na je na tarar da shi riƙe da rediyo a kunne. An yi sanarwa da Fillanci cewa za a karrama tsofaffin sojojin yaƙin duniya da suka rage a raye, a filin taro na gari, gaban gwamna da baƙi daga ƙasar Turawa. An karanta sunaye, kuma ya ji sunan da ya amsa a can. A lokacin ya haura tamanin. Ban taɓa ganin ya so wani abu a fili ba sai ranar. Ya ce mini, "Ɗana, ashe sun tuna." Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya fito da jaket ɗinsa, kaki mai kauri da asu ya ɗan taɓa, da ƙananan lambobinsa a ƙulle cikin tsumma. Na kai wa tela ya ɗinke ɓarakar hammata. Shi da kansa ya goge maɓallan da toka da lemun tsami. Ya daina zuwa masallaci da sanda, yana ɗingishi yana cije leɓe, wai ba zai tsaya gaban manya da sanda kamar makaho ba. Abin da yake so bai wuce wannan ba, ya tsaya sau ɗaya a gaban mutanen Garwa a ce shi ne ya je.

Amma rediyo ba a kunnensa kaɗai ya yi magana ba. Tun washegari 'yan kasuwa suka fara tsayawa a shagon Baffa suna yi masa barka, wasu da gaske, wasu da dariya a ciki. Mai unguwa na yanzu, jikan wancan mai karɓar goro, ya zo gida da saƙon gayyata, kuma wanda ya sani da wannan suna ya kai wa. Ofishin tsofaffin sojoji a lokacin wani yaro ne daga kudu ke zaune a ciki, bai san kowa ba. Takardun Baba Kafaran kuwa ambaliyar Binuwai ta tafi da su tun ina ƙarami. Yaya, wanda ke neman kujerar kansila a wannan shekarar, ya hango kansa tsaye kusa da gwamna a hoto, daga nan hankalinsa ya tafi.

Aka kira Baba Kafaran zaure bayan azahar, ni ma na bi shi ba tare da an gayyace ni ba. Baffa na kishingiɗe a kan buzu yana jan carbi, Yaya na tsaye da mabuɗan mota a hannu. Baba Kafaran ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma kamar yadda ya saba.

Baffa ya ce, "Kafaran, ka ji sanarwa?"

"Na ji, Alhaji."

"Sunan wa aka kira?"

Baba Kafaran ya ce, "Naka, Alhaji."

"To, ai magana ta ƙare."

Na ce, "Baffa, Allah ya ja kwana, sunanka aka kira, amma ƙafarsa ce ta je."

Yaya ya juyo ya ce, "Malam, ba aji muke ba. Idan ya fita ya amsa, me za a ce? A ce kakanmu ya cuci gwamnati? Kana so a tono mamaci a zage shi a rediyo? Wannan rufin asirin gida ne."

Na ce rufin asirin da ke buƙatar mai ɗaukar hoto ban taɓa jin irinsa ba. Na faɗi wasu maganganun da suka sa mahaifiyata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata. Na ce zan je ofishin da kaina. Sai Baba Kafaran ya kama gefen rigata ya ce, "Zauna, ɗana. Tuwon gidan nan ne ya raine ni, ba zan tsaya a fili in kunyata shi ba." Wannan magana ta fi zagin Yaya yi mini ciwo. Sun yi shekara sittin suna koya masa cewa bai kai ba, kuma ya haddace. Duk da haka na je ofishin, yaron ya ce shi suna ya sani, kuma mai suna ya riga ya aiko da katin shaidarsa.

Ba su tsaya nan ba. Soja ba ya zuwa taro ba kaki, don haka aka aika a karɓo jaket da lambobi. Jaket ɗin saurayi ne da yunwa ta sassaƙa, Baffa kuwa ya yi shekaru yana cin naman rago da man shanu. Hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya ƙi. Aka kira telan nan da na kai wa gyara, ya farke bayan jaket ɗin daga wuya har ƙasa, ya ƙara ƙyallen shadda ruwan ƙasa, a gaban mai shi. Uwargidan Baffa kuma ta ba da shawarar ya sa safa mai kauri, kada wani tsohon da ya san labarin yatsu ya kalli ƙasa. Kowa ya yaba da hikimarta.

Sannan aka ce Baba Kafaran ya koya wa Baffa sara wa manya. A tsakar gida aka yi, bayan an kori yara. Na zauna a kan turmi na kalla, don ban so ko ɗaya ya wuce ni. Tsohon ya miƙe, ɗingishin ya ɓace, ya daka tsawa da Faransancin soja, "Gardabu!", wato a ƙame, har tattabaru suka tashi. Baffa ya zabura carbi ya faɗi. Aka ce ya haɗa dugadugai, ya haɗa gwiwoyi. Aka ce ya ɗaga hannun dama zuwa goshi, ya dunƙule shi ya jinjina kamar yana gaban Lamiɗo, sarkin gari. Baba Kafaran ya kama hannun ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Haka, Alhaji. Ciki ya koma." Cikin bai koma ba. Wannan ne karon farko da na ga fatar jikinsu ta haɗu, kuma Baffa bai nemi ruwan wanke hannu ba.

Yaya ya so in tsaya kusa da Baffa ranar taro in yi masa tafinta. Na ce ya nemi ɗan haya. Da safen ranar na ɗauki Baba Kafaran a babur ɗina, yana sanye da farar jamfarsa ta Juma'a, ya kuma koma ga sandarsa. Muka tsaya bayan igiya tare da masu sayar da ruwan leda. An kafa rumfuna, 'yan makaranta na ta gumi a layi, jandarmomi na kora mutane baya. Wani jandarma da bai kai jikansa ba ya tura shi da gefen kulki ya ce, "Baba, nan ba wurin bara ba ne." Na buɗe baki, tsohon ya matse mini hannu.

Tsofaffi uku ne a kujerun gaba. Ɗaya daga Ngong aka kawo shi, ya makance. Ɗaya yana barci baki buɗe a keken guragu. Na uku Baffa ne, ya jingina sosai don kada a ga shaddar baya, Yaya na tsaye a kansa da sabuwar babbar riga yana murmushi ga duk wanda ke riƙe da kyamara. Gwamna ya iso bayan rana ta take, aka busa ƙaho, aka yi jawabai a kan jini da 'yanci da 'yan'uwantaka, daga bakin mutanen da ke shan ruwan sanyi a inuwa.

Da aka zo kan sunan, wani hafsa ya karanta abin da mai shi ya yi. Na sunkuya ina fassara wa Baba Kafaran a kunne. An ce a cikin hunturu, ana ruwan harsashi, ya koma baya ya ɗauko wani soja da aka harba, ya goya shi ya ƙetare kogi. Ban taɓa jin wannan ba, duk zaman da na yi da shi. Na dube shi. Ya ce, "Ba kogi ba ne, rafi ne, bai kai ƙugu ba. Sanyi ne kawai." Idonsa na kan fili. Aka tafa, Baffa ya gyaɗa kai a hankali kamar mai tuna wahala.

Wadda za ta maƙala lambar mace ce, Baturiya, hafsa mai gajeren gashi da wando. Baffa ya miƙe, ya yi sarawar nan ta korar ƙuda, a nan aka ɗauki hoton da ke shago. Ta maƙala masa lambar. Sannan, bisa al'adarsu ta soja, ta dafa kafaɗunsa biyu ta sumbace shi a kumatun dama, ta sumbace shi a na hagu. Baffa, wanda ko matar ƙaninsa ba ya amsa gaisuwarta sai ta bayan labule, ya ja da baya ya ce "A'uzu billahi!" daidai bakin lasifika, duk filin ya ji. Limamin unguwarmu na zaune a rumfa, da rabin 'yan sahun gaba. Baffa ya juya zai koma kujera, sai ga ƙyallen shadda a fili tun daga wuya har ƙasa. Masu ruwan leda suka fashe da dariya.

Na ce, "Baba, ba ka gaya masa ana yin haka ba?"

Ya ce, "Na manta."

"Ka manta?"

"Tsufa, ɗana."

Ya yi dariya har ya yi tari, amma kafin mu kai babur dariyar ta ƙare. Muka kama hanya muka koma. Gida ya cika da masu barka, an yanka sa. Da Baba Kafaran ya aika a karɓo masa jaket ɗinsa, Yaya ya ce za a sa shi a gilashi a falo, ai tarihin gida ne.

Baba Kafaran bai ga wata daminar ba. Na kai sanarwar rasuwarsa gidan rediyo da sunan da uwarsa ta raɗa masa, don na rantse ba zai shiga kabari da na aro ba. Sahu biyu muka yi masa salla, Baffa bai fito ba, wai ƙafa. Bayan shekara biyu shi ma ya bi. Jana'izar Baffa kuwa sai da aka tare titi. Ofishin nan ya aiko da tuta da mai ƙaho, malamai suka ɗan yi gardama sannan suka yi shiru da Yaya ya shiga da su ɗaki.

Ranar sadakar uku wani tsoho ya sauka daga babur ɗin haya a ƙofar gida, siriri, jamfarsa ta yi ja da ƙasar hanya. Ya ce daga Tuboro yake, a rediyo ya ji. Hausarsa a karye take, yana cike ta da Fillanci. Ya zauna a bakin tabarma ya yi ta'aziyya, sannan ya ce shi ne wanda marigayi ya goya a rafin nan. Ya ɗaga riga ya nuna tabon a haƙarƙari. Ya ce an gayyace shi taron karramawa, ruwa ya yanke hanya, rabonsa da abokinsa kuwa tun suna da ƙarfin hawa bayan babbar mota. Yana magana hawaye na bin gemunsa. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka Baba yake, ba ya son a faɗa." Mutanen zaure suka ce Allahu akbar, har da waɗanda suka san komai.

Na tashi na kama hannun tsohon na ce ya zo ya sha ruwa. Na kai shi inuwar darbejiya a bayan sito na gaya masa duka, tun daga jakuna har tuta. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Yaushe ya rasu?"

"Shekara biyu ke nan, Baba."

"Kullum ina jin sanarwa. Ba a faɗa ba."

"An faɗa. Da sunansa na gaskiya."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya tambaye ni sunan, na faɗa masa. Ya maimaita, ya yi kuskure, na gyara masa, ya sake maimaitawa har ya zauna a bakinsa.

Ya ce, "Ɗana, tun da muka dawo ban taɓa sallame salla ban yi masa addu'a ba. Da wancan sunan nake yi. To wa ta je wa?"

Na ce Allah ya san wanda yake nufi. Ya ce haka ne, amma bai ɗago ba. Daga zaure wani yaro ya leƙo ya ce Alhaji ƙarami, wato Yaya, na kiran baƙon Tuboro, ana so ya sake ba da labarin rafin don manyan baƙi sun iso. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe jamfarsa, ya tambaye ni ko maƙabartar da nisa. Na ce akwai ɗan nisa, na tafi in tayar da babur.